Manhaja ta gyara hoton mamaci amma iyalansa sun ce ba shi ba ne: ina bincike ya kai?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da situdiyon hoto a titin Gidan Zoo a nan Kano. Yanzu kusan rabin aikina ya koma gyaran tsofaffin hotuna da haɗa fosta da katin biki da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Abu uku ke damuna. Idan aka kawo dusasshen hoton mamaci na saka a manhaja, yakan fito tas, amma iyalansa su ce ba shi ba ne, wani lokacin ma an haskaka masa fata an goge tsagen fuskarsa. Idan na ce a zana mini hawan sallah sai a ba ni Larabawa ko Indiyawa a kan dawaki. Rubutun Hausa kuwa a jikin fosta kullum a karkace yake fitowa. Shin masu bincike suna magance waɗannan abubuwa? Kuma in zuba kuɗi a sabuwar kwamfuta ne ko in dakata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Fannina shi ne koya wa kwamfuta gani da sarrafa hoto, a kansa nake koyarwa da bincike a nan Kano. Matsalolin nan uku da ka kawo uwarsu ɗaya ce, shi ya sa zan fara da ita. Manhajar da kake saka wa tsohon hoto ba ta tono abin da ya goge. Abin da rana da damshi da shekaru suka cinye a jikin takarda ya tafi, babu lissafin da zai dawo da shi. Abin da take yi shi ne ta dubi gurbin da ya ɓace ta cike shi da abin da ta fi sabawa da gani a hotunan da aka horar da ita da su. Kamar a kawo wa mai ɗinkin hannu tsohuwar babbar riga da asu ya cinye aikin gabanta ne: zai cike wurin da kyau har ba a gane inda ya haɗa, amma da zanen da hannunsa ya saba zai cike, ko da a da wani zane ne daban a jikin rigar. Bincike mai yawa da aka yi daga 2021 zuwa yanzu a kan abu ɗaya yake, wato yadda za a sa wa wannan ciko linzami, a nuna masa inda zai taɓa da inda zai bari. An yi nisa ƙwarai, amma ba a kan komai aka yi nisan daidai ba.

Mu ɗauki fuskar mamaci tukuna, don ita ce ta fi nauyi.

A 2014 Ian Goodfellow da abokan aikinsa a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fito da dabarar da ake kira GAN. Injinan lissafi biyu ne ke gasa, ɗaya yana ƙirƙiro hoto, ɗaya yana ƙoƙarin bambance na gaske da na jabu, har mai ƙirƙirar ya ƙware. A ƙarshen 2018 kamfanin Nvidia ya fito da StyleGAN, wanda aka horar da fuskoki 70,000 da aka tattaro daga shafin Flickr, fuskokin da yake zanawa kuwa ba ka ce ba na masu rai ba ne. Sai masu bincike suka ce, tunda wannan inji ya san yadda fuska take, bari mu ba shi wadda ta dusashe ya nemo mana, a cikin fuskokin da ya iya zanawa, wadda ta fi kama da ita. A kan wannan tunani aka gina kayan gyaran fuska da dama, ciki har da GFPGAN na kamfanin Tencent da ya fito kyauta a 2021 kuma ya bazu sosai.

A watan Yunin 2020 kowa ya ga illar abin a fili. Wani ya ɗauki hoton Barack Obama da aka rage wa ɗigo, wato ƙananan ɗigogin launi da ke haɗuwa su zama hoto, har ya dusashe, ya saka a PULSE, wani tsari da masu bincike na Jami'ar Duke a Amurka suka gina a kan StyleGAN, sai ga fuskar Bature ta fito. Ta fuskar lissafi injin bai kauce ba, don idan ka sake dusar da fuskar Baturen za ta zo daidai da abin da aka ba shi. Fuskoki barkatai ne za su iya dacewa da dusasshen hoto guda, shi kuma ya ɗauko irin wadda ta fi yawa a abin da ya gani, kuma fararen fata ne suka rinjaya a waɗancan hotuna. Abin da ya sami hoton Obama shi ke samun hoton dattijon da ake kawo maka, sai dai yanzu sauyin ya fi laushi. Hanci ya ɗan sirance, leɓe ya ragu, fata ta yi haske da mataki ɗaya ko biyu. Baƙo ba zai lura ba, amma ɗan da ya tashi yana kallon fuskar nan zai lura nan take. Idan iyalai suka ce ba shi ba ne, ka yarda da su, sun fi injin sani.

Tsage kuwa bugu biyu yake sha. Na farko, fuskokin da injin ya koya da ƙyar ake samun mai bille ko kalangu a cikinsu, don haka a wurinsa kumatu na daidai shi ne sumul. Na biyu, kayan gyaran tsohon hoto an koya musu su farauci karce da alamar ninki su goge, kamar yadda wani aikin masu bincike na Microsoft ya nuna a 2020. Siririn layi mai duhu a kan kunci, a wurin inji, karce ne. Ba ya da hanyar sanin cewa wannan layi shi ke faɗin zuriyar mutum da garinsu.

Akwai wani sakamako na lissafi da nake so duk mai sana'arka ya sani. A 2018 Yochai Blau da Tomer Michaeli na jami'ar Technion a Isra'ila suka tabbatar cewa a wajen gyaran hoton da ya lalace, ba a samun cikar kyan gani da cikar kusanci da asali a lokaci guda. Idan ka matsa wa hoton ya fito garau, dole injin ya ƙara ƙirƙira, ƙirƙira kuwa nisa ce daga asali. Idan ka matsa ya tsaya a kan abin da ke jikin takarda, dole a bar ɗan dushi-dushi. Wannan ba gazawar wani kamfani ba ce da za a gyara baɗi. Shi ya sa CodeFormer, wanda aka yi a Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo a 2022, ya zo da maɓalli daga 0 zuwa 1: ƙasa-ƙasa ya ba ka kyau, sama-sama ya ba ka kama. Manhajojin waya da yawa ba sa nuna maka irin wannan maɓalli, sun riga sun karkatar da shi wajen kyau, don shi ke sa mutum ya biya kuɗi.

Wani abin da nake ganin yana ƙara wa lamarin nauyi shi ne horo na biyu da ake yi wa injinan tun wajen 2023. Ana nuna wa mutane hoto biyu su zaɓi wanda ya fi burge su, sai a tura injin ya karkata ga irin wanda aka fi zaɓa. Hakan ya gyara abubuwa da yawa, amma ɗanɗanon masu zaɓen ne ke zama ma'auni, kuma fata sumul mai sheƙi da haske tana yawan cin zaɓe. Google ya ɗauki sikelin launin fata mai matakai 10 na Farfesa Ellis Monk na Harvard a 2022 don a riƙa auna irin wannan karkata, maimakon tsohon sikelin likitocin fata mai matakai 6 wanda bai rarrabe duhun fata yadda ya kamata ba. Aunawa mataki ne mai kyau, amma ba kowane kamfani ke yi ba.

To ina mafita? Inda bincike ya fi amfanarka shi ne inda aka daina barin injin ya yi hasashe daga fuskokin duniya, aka koma ba shi fuskar mutumin kansa. A 2022 Nataniel Ruiz da abokansa a Google suka fito da DreamBooth, wanda da hoto 3 zuwa 5 na mutum ɗaya yake koyon kamanninsa. Bayansa aka sami IP-Adapter a 2023 da InstantID a farkon 2024, waɗanda hoto guda ma yana isar su. Ma'anarsa a situdiyonka ita ce, duk wanda ya kawo hoton mamaci ka tambaye shi ko akwai wani, ko na fasfo ne, ko na katin aikin hajji, ko wanda yake tsaye a gefe a taron suna. Hoto na biyu ya fi kowace sabuwar manhaja daraja. Sannan kada ka ɗauki tsohon hoto da waya, ka sa shi a sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci ko fiye, don duk abin da ka kama daga takarda ragi ne a kan abin da injin zai ƙirƙira. Ka bar injin ya gyara bango da riga da inda takarda ta yage. Fuskar kuwa ka ɗora abin da ya fitar a leya ta daban a kan asalin, ka rage ƙarfinta, ka goge ta daga kan ido da hanci da baki da tsage har asalin ya leƙo. Ka miƙa wa iyalai biyun, na asali da gyararre, ka gaya musu gaskiyar abin da aka yi. Idan fuskar ta goge gaba ɗaya kuma babu wani hoton, ka faɗa musu cewa abin da za a samu zane ne, ba mahaifinsu ba. Na fi son ka rasa wannan ciniki da a rataye fuskar da ba a taɓa halitta ba a falo, jikoki su tashi suna cewa kakansu ne.

Yanzu ga injinan da suka mamaye fagen, waɗanda kake rubuta wa umarni. Yawancinsu ba GAN ba ne, wata hanya ce da ake kira difushan. Jascha Sohl-Dickstein ya kawo tunanin a 2015 yana Jami'ar Stanford, amma sai a 2020 Jonathan Ho da abokansa a Berkeley suka nuna tana iya fitar da hoto mai inganci. Ka san tsaki-tsakin nan da ke fitowa a hoto idan ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, cikin duhu. A wajen horo ana ɗaukar hoto mai kyau a riƙa zuba masa irin wannan tsaki kaɗan-kaɗan, mataki 1,000 a aikin Ho, har ya nutse gaba ɗaya, injin kuma ya koyi cire tsakin a kowane mataki. Idan ya ƙware sai a ba shi tsaki zalla tare da jimlar da ka rubuta, ya yi ta sharewa har hoto ya bayyana.

A ƙarshen 2021 ƙungiyar Björn Ommer a Jamus, da Robin Rombach a kan gaba, suka rage wa aikin tsada. Maimakon a yi lissafi a kan hoton kansa, sai a matse shi tukuna: mai ɗigo 512 a tsaye 512 a kwance ya koma 64 da 64, a yi duk aikin a can, sannan a sake buɗe shi. Wannan ne ya haifi injin zana hoto na Stable Diffusion a watan Agustan 2022, kuma shi ya sauko da abin kan kwamfutar gida. Sai dai matsewar tana cin ƙananan abubuwa, irin su aikin wuyan riga, zanen lalle, ƙananan haruffa, da fuskokin waɗanda ke layin baya a hoton biki. Ko ba ka ce a taɓa su ba, shiga da fitar kaɗai tana sauya su. Injinan 2024, wato Stable Diffusion 3 da FLUX.1, sun ƙara lambobin da ake ajiyewa a kowane gurbi daga 4 zuwa 16, asarar ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba. Idan ɗan Kantin Kwari ya kawo maka hoton atamfa ko shadda yana so a nuna ta a jikin mutum don talla, ka duba zanen da launin da kyau kafin ka miƙa, don injin yakan sake zana furen yadda ya ga dama, mai saye kuma ya karɓi abin da ba shi ya gani ba.

Tarihin gyaran hoto da umarni a taƙaice tarihin ɗaure wa injin hannu ne. SDEdit na 2021 ya ce a zuba wa hotonka tsaki rabi-rabi a sake sharewa, sai dai komai na cikin hoton yana motsawa. A 2022 masu bincike na Google da Jami'ar Tel Aviv suka gano cewa a cikin injin akwai taswirar da ke nuna wace kalma ce ke kula da wane sashe na hoto, kuma idan aka riƙe taswirar aka sauya kalma ɗaya, sashenta kaɗai ke sauyawa. Suka kira dabarar Prompt-to-Prompt. A ƙarshen shekarar Tim Brooks da abokansa a Berkeley suka yi amfani da ita suka ƙera misalai sama da 450,000 na hoto kafin gyara da bayan gyara tare da umarnin da ya haɗa su, suka horar da InstructPix2Pix, injin da ke gyara hoto da umarnin da aka rubuta masa. A watan Fabrairun 2023 Lvmin Zhang na Stanford ya fito da ControlNet, wanda ke ba ka damar miƙa wa injin zanen gefuna ko yanayin tsayuwar mutum ka ce kada ya fita daga ciki. A watan Mayun shekarar Adobe ya sa Generative Fill a Photoshop, inda kake zagaye wuri ka ce nan kaɗai.

A 2025 aka yi babban tsalle. Kamfanin OpenAI ya sa zanen hoto a cikin injinsa na hira GPT-4o a watan Maris, kamfanin Black Forest Labs na Jamus ya fito da FLUX.1 Kontext a watan Mayu, sannan a watan Agusta Google ya fito da wanda aka fi sani da Nano Banana, Alibaba kuma ya saki Qwen-Image-Edit. Abin da ya haɗa su shi ne hoton da ka bayar da maganar da ka rubuta suna shiga inji ɗaya yana kallon su tare. Shi ya sa yanzu za ka ce a cire kujerar roba da ke bayan amarya a bar sauran, ya fahimta. Amma ka riƙe wannan: yawanci hoton gaba ɗaya suke sake zanawa, har da inda ba ka ambata ba, suna dai ƙoƙarin kwaikwayonsa ne. Idan ka gyara, ka sake gyara abin da ya fito, ka sake, fuskar tana zamewa kaɗan-kaɗan. Masu Kontext sun sa rage wannan zamewa cikin manyan abubuwan da suka auna, alamar cewa matsalar sananniya ce. Kai dai kowane sabon gyara ka koma kan hoton asali, kuma a ƙarshe ka yanko wurin da aka gyara kaɗai ka ɗora a kan asalin.

Batun hawan sallah ba na dabara ba ne, na abin da injin ya gani ne. Stable Diffusion na farko an horar da shi da wani ɓangare na tarin LAION-5B, hotuna biliyan 5.85 da aka kwaso daga intanet tare da ɗan rubutun da ke maƙale da kowanne, biliyan 2.3 daga ciki da Turanci. Idan ka ambaci sarki da rawani da doki, hotunan da suka cika ƙarƙashin waɗannan kalmomi na Indiya ne da ƙasashen Larabawa. Ko sunan Durbar da Turawan mulkin mallaka suka laƙaba wa hawan, daga Indiya suka zo da shi, inda suka yi manyan tarukan Delhi a 1877 da 1903 da 1911, don haka sunan kansa can yake jan injin. A 2023 mujallar Rest of World ta sa injin zana hoto na Midjourney ya zana hotuna 3,000 na mutane da gidaje da tituna da abinci na ƙasashe shida, har da Najeriya, ta tarar yana mayar da kowace ƙasa siffa ɗaya tilo: Ba'indiye kusan kullum tsoho ne mai gemu, ɗan Meziko kuma da faffaɗar malafa.

Sababbin injinan sun fi na da sanin Najeriya, amma saninsu na nesa ne. Za su iya ba ka baƙin mutum da rawani a kan doki mai ado, amma ba su san rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, ba su san amawali ba, ba su bambance dogari mai ja da kore da ɗan lifidi ko ɗan sulke, ba su san aska takwas daga aska biyu ba. Wanda bai san Kano ba zai ce hoton ya yi, Bakano kuwa zai ga an naɗa wa bafade abin da ba nasa ba.

Darasi mafi amfani a nan daga DALL-E 3, injin zana hoto na OpenAI, ya zo a 2023. Masu shi sun bayyana cewa babban abin da ya ƙara masa biyayya shi ne sake rubuta wa hotunan horo bayani mai tsawo mai dalla-dalla, maimakon guntayen rubutun intanet. Wato ingancin bayanin da ke tare da hoto yana da nauyi kamar hoton kansa. Wa zai rubuta wa hoton Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa bayanin da ya dace in ba mu ba? Masu bincikenmu sun fara. A 2022 aka fitar da Hausa Visual Genome, hotuna sama da 32,000 da bayaninsu da Hausa, kuma 'yan ƙungiyar HausaNLP, masu binciken koya wa kwamfuta Hausa, na cikin waɗanda suka yi aikin. Aiki ne mai daraja ta fuskar harshe, sai dai hotunan na wani tari ne na waje, ba titunanmu da tufafinmu ba ne. UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, amma tarin hotunansa mai cikakken bayani wanda inji zai koya daga gare shi, aiki ne da ke jiran mu, kuma ku masu situdiyo ku ke riƙe da kayan.

Ba sai ka jira manyan kamfanoni ba. Akwai dabarar LoRA da Microsoft ya fitar a 2021 don injinan harshe, masu hoto suka ɗauke ta daga baya. Maimakon a sake horar da dukkan injin, ana horar da wani ɗan ƙaramin ƙari ne da ake liƙa masa. Da hotuna 'yan gomomi masu kyau na hawa, waɗanda kai ka ɗauka, kowanne da bayanin wanda ya san abin, za ka sami ƙarin da zai sa injin ya riƙa naɗa rawani irin namu. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka ba sababbin injinan hotonka na gaske a matsayin abin koyi, maimakon ka kwatanta da baki.

Rubutu ba zan daɗe a kansa ba. Injinan farko ba sa ganin haruffa, gutsuren kalmomi suke gani a matsayin lambobi, shi ya sa suke zana abin da ya yi kama da rubutu ba tare da ya karantu ba. A ƙarshen 2022 wani binciken Google ya nuna cewa idan aka ba injin damar ganin kalma harafi-harafi, rubutunsa yana gyaruwa sosai. Yau Turanci yana fita daidai a mafi yawan lokuta, Qwen-Image kuma ya ƙware a rubutun Sin. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba su da yawa a hotunan da aka koya, don haka ko a cire musu lanƙwasa ko a ƙirƙiro wani harafi da babu shi. Ajami ya fi shan wahala. Ka sa injin ya yi maka bango da ado ya bar gurbin rubutu, kai ka buga rubutun a CorelDraw ko Photoshop da nau'in haruffan da ke da lanƙwasa, irin su Noto Sans ko Andika. Aya ko hadisi ko addu'a kuwa, don Allah kada ka taɓa barin inji ya zana su a katin ɗaurin aure ko na ta'aziyya, don yana iya rage harafi ko ya ƙara cikin siffa mai kyau da ido ba zai kama da wuri ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Binciken da ya sa inji ke riƙe kamannin mutum daga hoto guda, shi ne kuma ya sauƙaƙa a ɗauki fuskar 'yar mutane a ɗora a inda ba ta taɓa zuwa ba. Za a zo maka da irin wannan aiki, na mata da na 'yan siyasa, musamman da zaɓen 2027 ke matsowa. Ka ƙi. Akwai ƙoƙarin sa alama, kamar SynthID na Google da ya fito a 2023 wanda ke ɓoye shaida a cikin ɗigon hoto, da tsarin C2PA da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021 don a riƙa liƙa wa hoto tarihinsa, amma tarihin da ke liƙe yakan faɗi idan aka ɗauki hoton allo aka tura a WhatsApp. Sannan duk hoton da ka saka a manhajar intanet ya bar shagonka ya tafi kwamfutar wani a wata ƙasa. Hotunan kamu da na amare amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan. Ka nemi izinin masu hoto kafin ka ɗora.

Saura batun kuɗi. Bincike yana tafiya ta inda zai yi maka sauƙi. Daga mataki 1,000 na share tsaki an sauko zuwa wajen 50, sannan dabarun 2023 irin na SDXL Turbo suka kai shi mataki 1 zuwa 4, kuma an iya matse manyan injina su shiga ƙaramin katin zane, wato sashen kwamfuta da ke yin lissafin hoto, ba tare da sun lalace sosai ba. Amma injinan su ma suna ƙara girma: FLUX.1 yana da ma'aunai, wato lambobin da ya koya a wajen horo, biliyan 12, wanda ba a matse ba yana cin wajen gigabait 24, Qwen-Image kuma biliyan 20. Don haka idan za ka sayi katin zane, yawan ma'ajiyarsa ya fi saurinsa muhimmanci, kuma kada ka sauka ƙasa da gigabait 12. RTX 3060 mai gigabait 12 yana jan wat 170 shi kaɗai, ka lissafa da inbata ko sola kafin ka saya. Ka kuma karanta lasisi, don wasu injinan da ake saukewa kyauta, kamar nau'in dev na FLUX.1, an taƙaita amfani da su a harkar kasuwanci, yayin da nau'in schnell da Qwen-Image suke a sake. Dalili biyu ne za su sa sayen ya dace: kana so hotunan mutane su tsaya a shagonka, ko kana so ka horar da naka ƙarin na kayan Kano. In ba haka ba, sikana mai kyau da allon da ke nuna launi daidai da faifan ajiya na waje su ne a gaba.

Kafin ka biya kuɗin kowace manhaja, ka gwada ta yadda muke gwadawa a ɗakin bincike. Ka sami wani dattijo mai tsage da ka sani, da izininsa, ka ɗauke shi hoto garau. Ka rage wa hoton ɗigo, ka dusar da shi, ka mayar da shi baƙi da fari, sannan ka ba manhajar ta gyara. Ka jera abin da ta fitar kusa da na asali ka duba tazarar idanu, faɗin hanci, siffar kunne, launin fata, da ko tsagen yana nan a inda yake da adadinsa. Ka maimaita da tsohuwa da matashi da yaro, don wadda ta riƙe fuskar namiji babba ba lallai ta riƙe ta mace ba.